Yadda na ta da tsohon babur CG ya zama abin hawana na farko

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafin zirga-zirga ya rikice wa kowa a Kaduna. Ina zaune a Tudun Wada, wurin aikina yana wajen Kawo, kuɗin Keke da bas safe da yamma ya koma cin albashina ba sani ba sabo. Sabon babur ya fi ƙarfin aljihuna, na hannu mai lafiya ma dillalai sun ɗaga shi sama. Abin da ya rage mini shi ne wanda ya kwanta, in tashe shi a hankali gwargwadon abin da ya shigo a wata.

Kawuna ne ya haɗa ni da wani dattijo maƙwabcinsa a Unguwar Sanusi. Yana da Honda CG125 da ya saya tun yana aiki a masaƙa a Kakuri, kafin masaƙun su durƙushe. Babur ɗin yana jingine a bayan ɗaki, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyi sun sace sun tsattsage, sirdi ya fashe soso ya fito, tanki ya yi ja da tsatsa. Ni da ban taɓa mallakar ko keke mai giya ba, ban san abin da zan duba ba, don haka na tafi da makanikin unguwarmu, dattijon da kowa ke kira Baba. Ko kallon fenti bai yi ba. Ya durƙusa ya goge wuyan firam da tsumma ya karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ya karanta ta injin, sannan ya ce a kawo takardu. Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wata leda a ƙulle, ciki har da rasit ɗin asali da ya yi launin ƙasa. Lambobi suka dace. Sai a lokacin Baba ya sa ƙafa a kik ya danna a hankali, ya ji injin ya juya, ya ce, "Alhaji, injin bai cije ba. Za a yi ciniki."

Wannan maganar takardu ita ce ta farko da zan gaya wa duk mai niyyar irin wannan aiki a garin nan. Babur a Kaduna ba abin wasa ba ne wajen hukuma. A 2014 aka hana acaɓa a cikin birni, a ƙarshen Satumban 2021 kuma gwamnatin jiha ta hana hawan babur gaba ɗaya na wata uku saboda matsalar tsaro. Satar babur kuwa ba sai an ba kowa labari ba. In ka sayi wanda aka kankare lambarsa, ko wanda mai shi ke cewa takardun sun ɓata a ƙaura, duk abin da ka kashe a kansa kana iya barinsa a ofishin 'yan sanda, kai ma ka kwana can. Mun rubuta takardar ciniki, kawuna da Baba suka sa hannu a matsayin shaidu, muka ɗora gawar babur a bayan Keken ɗaukar kaya.

Baba ya yarda a yi aikin a rumfarsa bisa sharaɗi guda: ni zan riƙe sifana, shi zai nuna. Ya ce wanda bai san cikin babur ɗinsa ba, kowane yaron makaniki zai mai da shi saniyar tatsa. Don haka duk Asabar da Lahadi, da wasu yammacin in na taso da wuri, ina can cikin baƙin mai.

Dalilin da ya sa bai yi jayayya da zaɓin CG ba yana cikin tarihin injin ɗin. Honda ta fito da shi a 1975, bayan injiniyoyinta sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda mutane ke loda wa babur kaya fiye da kima, ba sa canza baƙin mai sai ya zama kwalta, injina masu kam, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, a saman kai suna ta lalacewa. Sai suka yi injin da kam ɗinsa ke ƙasa kusa da mai, wasu sanduna biyu na tura bawul daga can. Ƙarfinsa 124cc ne, ba shi da gudun a zo a gani, amma yana jure wulaƙanci. Abin da ya fi amfanar irina shi ne kamfanonin China sun kwaikwayi wannan injin sun cika duniya da shi, saboda haka fistin, ringi, gasket, kuloci, kusan duk akwai wanda zai shiga, ko a shagon kayan babur na bakin layi.

Mun fara da zubar da tsohon mai, wanda ya fito da ƙyar. Daga nan aka sauke injin aka ɗora kan benci. Baba ya sa na jera kowane noti da washa a kan kwali yadda na kwance su, na kuma riƙa ɗaukar hoto da waya kafin in cire komai. Yaransa suna ta dariya, su da ke zuba komai a gwangwani ɗaya su kuma mayar ba tare da kuskure ba, amma hotunan nan su suka cece ni ranar haɗawa.

Akwai wani wuri a injin CG da yawancin masu shi ba su san da shi ba. Ba shi da matatar mai ta takarda irin ta mota. Abin da yake da shi ɗan rariyar waya ne a wajen zubar da mai, sai wani ƙoƙon ƙarfe a bayan marfin dama, wanda ke juyawa tare da injin yana wurga datti jikin bangonsa. Da muka buɗe ƙoƙon, dattin da ya taru ciki ya daskare kamar tuwon dawa da ya kwana, sai da na sa bakin sukundireba na ɓamɓare shi, a cikinsa ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Baba ya murza shi tsakanin yatsu ya nuna mini. "Ka ga wannan, ɗana? Tun da aka sayi mashin ɗin nan ba na jin an taɓa buɗe nan. Kuma bai mutu ba."

Silinda ta ci, akwai ɗan tudu a bakinta da farce ke kamawa, ringi kuma sun saki. Aka kai ta wurin masu injin gora, wato masu faɗaɗa silinda, a kasuwar Panteka. Wanda bai taɓa shiga tsohuwar Panteka ba ba zai gane yadda wurin yake ba: ƙarar guduma, tartsatsin walda, masu narka alminiyam suna zuba tukwane, masu ƙera ƙofofi da injin niƙa, kowa da rumfarsa, kuma kusan duk abin da ka kawo na ƙarfe akwai wanda zai ce zai iya. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00 na milimita. Ƙa'idar ita ce ka fara sayen fistin, ka kai wa mai gora ya auna shi, sannan ya faɗaɗa silinda daidai da shi. Namu 0.50 ya wadatar. Bawul kuwa ni na wasa su da hannuna, da man wasawa da ɗan sanda mai roba a baki, ina murzawa tsakanin tafuka har gefensu ya yi zobe mai toka-toka ba yankewa. Gwajin Baba mai sauƙi ne: ya kifa kan injin, ya zuba kananzir a ramin, ya ce mu je mu yi sallah. Da muka dawo bai tsiyaye ba.

Wajen sayen kaya ne aka fi shan wahala. Kowane abu yana da aji biyu ko uku, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, sai mai shago ya tambaye ka, "Na gaske kake so ko na talaka?" Wani mai shago ya sayar mini da fulogi a kuɗin na gaske, bai yi sati ba farin jikinsa ya tsage. Na mayar, ya rantse ba daga wurinsa ya fito ba. Hukuncin da na yanke daga baya shi ne: abin da ke cikin injin da abin da ke tsayar da babur, wato fistin, ringi, boris, takalmin birki da taya, a sayi mafi kyau ko da za a jira albashin wani wata. Madubi, roban ƙafa, marfin gefe, waɗannan na araha ma sun isa.

Tanki da kafireta ba su ci kuɗi ba, haƙuri suka ci. Na zuba tsofaffin notuna da kananzir a tankin na yi ta girgizawa, in zubar in sake, har ruwan ya daina fita ja, sannan na sa ƙaramar matata a tiyon mai. Kafireta na wargaza na jiƙa, ƙananan ramukan jet, inda fetur ke bi, sun toshe da busasshen fetur. Yaron shago ya miƙo mini allura, Baba ya buge hannunsa. Allura tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi, ba kuma za ka gane dalili ba. Iska mai ƙarfi da siririn gashin burushi kawai aka yi amfani da su.

Wutar babur ɗin ta zamanin da ce, batir mai volt 6 da kwantak, wato ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa don fulogi ya ba da wuta. Fitilarsa da daddare ba ta wuce haskaka tayar gaba ba. A nan ne na yarda a bar asali: muka sa magneto da kwayil na injinan China masu CDI, akwatin lantarkin da ke maye gurbin kwantak, aka koma volt 12, mai wayarin ya zare tsofaffin wayoyin da ɓera ya ci ya ja sababbi, na roƙe shi ya bi launi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma sa fis. Masu son tsohon abu ya zauna yadda kamfani ya yi shi za su ce na ɓata shi. Ni zan hau ne in je aiki in dawo bayan magariba, ba ajiye shi zan yi ana kallo ba.

Ranar da aka mayar da injin, Baba ya juya shi har alamar T, mai nuna fistin ya kai can sama, ta daidaita a tagar magneto, ya ba ni siririn ma'auni na 0.08 na milimita, ya ce in saita tazarar bawul injin na sanyi, ma'aunin ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan. Muka jiƙa sababbin farantan kuloci a mai kafin a sa, aka zuba kusan lita guda ta man babur. Ya gargaɗe ni kan man mota na zamani, domin kulocin babur a cikin mai yake wanka, wasu mayukan motar kuma suna sa shi santsi. Na ja cok, na yi ta buga kik har gumi ya jiƙa mini riga, sai ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, ya kama. Hayaƙi ya cika rumfar, mai shayin gefe ya leƙo yana cewa a dai rage masa.

Sai maganar kwalliya, inda ni da Baba muka fi samun saɓani. Wayata cike take da hotunan irin baburan da ake kira café racer, salon da samarin Ingila suka fara a shekarun 1950 da 1960: hannu ƙasa-ƙasa sai ka kwanta a kan tanki, sirdi na mutum ɗaya, babu marfin taya, an cire akwatin iska an maƙala wa kafireta ɗan ƙaramin mazurari, salansa a buɗe. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan a ina zai sa buhun masara?"

Dariya na yi a lokacin, amma da na bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya sai na ga kowannensu Kaduna tana da amsarsa. Akwatin iska na CG yana da soso da ake wankewa a shafa masa mai. Cire shi a garin da hunturu ke rufe sama da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu daidai yake da zuba yashi a silindar da na biya aka gora, ban da cewa iska za ta yi wa mai yawa, injin ya riƙa zafi. Marfin taya kuma, duk wanda ya bi layukan Rigasa ko cikin Tudun Wada a watan Agusta ya san abin da taya ke watsowa. Hannu ƙasa-ƙasa yana hana sabon mahayi ɗaga kai ya ga mai Keken da zai tsaya ba sigina. Salansa mai ƙara kuwa, a unguwar da kowa ya san gidanku, mai unguwa za a kai wa ƙara kafin sati ya zagayo. Maganar sirdi ma ba Baba kaɗai ba, Hajiyarmu da ta ji sai ta ce, "To in ƙaninka zai tafi Islamiyya a kai za ka ɗora shi?"

Abin da na yi a ƙarshe tsaka-tsaki ne, kuma ina ganin ya fi hotunan kyau a kan titinmu. Firam ban yanke shi ba ko kaɗan. An kankare shi da samfefa har ƙarfe, aka duba ko akwai tsaga a wuya da wajen maƙalin injin, aka sa jan fenti mai hana tsatsa sannan baƙi. Tanki na zaɓi kore mai duhu da siririn layi ruwan madara, mai fentin mota ya fesa, ya bi da abin sheƙi mai jure fetur, domin fentin gwangwani ɗigon mai ɗaya ke narkar da shi. Sirdi na kai wa masu ɗinkin kujerun mota, suka rage masa tudu ya kwanta sumul, suka rufe da fata ruwan ƙasa mai ɗinkin layi-layi, tsawonsa dai na mutum biyu. Marfin tayoyi an ɗan rage tsawonsu, ba a cire ba. Hannu na sa mai faɗi wanda ya ɗan ɗago, irin na baburan daji, zama a kai a miƙe. A Panteka wani mai walda ya ƙera mini ƙaramin kariya na ɗora kaya a baya da ake kwancewa da noti huɗu, ranar kasuwa a ɗaura, ranar zumunci a cire. Fitila zagayayya, sigina ƙanana amma masu haske, madubi biyu. Samari da yawa suna cire madubi wai don gayu. Ban ga gayun da ke cikin rashin ganin tirelar da ke bayanka ba.

Ƙafafun babur ɗin sun ci kuɗi fiye da fenti, ko da yake ba wanda ke yaba su. Sarƙa da farantanta masu haƙora na gaba da na baya tare aka canza, don tsohon faranti yana cinye sabuwar sarƙa. Boris na wuya da na wili, robobin hannun baya, shakazoba, man ƙafafun gaba da robobinsu, takalman birki, wayoyin birki da kuloci da totur, duk sababbi. Wani tsoho mai gyaran keke ya ɗaure sifok ya daidaita wili, yana juyawa yana kallon tazara da alli a hannu. Wajen sayen taya na koyi duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Akwai taya sabuwa fil a ido wadda ta shekara da shekaru a sito, robar ta bushe.

Kafin in hau titi na je ofishin harajin jiha aka yi canjin mallaka, aka sabunta takardu da inshora, na nemi lasisin tuƙi ajin A, wanda shi ne na babur. Na sayi hular kwano mai rufe haɓa, ba irin ta leburorin gini da wasu ke ɗorawa don ganin jami'ai ba. 'Yan KASTLEA, jami'an kula da dokokin hanya na jiha, da na Road Safety suna kan manyan titunan garin, kuma babur mai fenti irin nawa ido yake ja, gara a tsayar da kai komai naka a cike.

Koyon hawan a filin makarantar firamare na yi, da sassafe kafin 'yan ƙwallo su zo. Wani abokin aikina da ya daɗe yana hawa ya tsaya mini. Sakin kuloci ba tare da injin ya mutu ba, zagaya duwatsu, tsayawa a kan layi. Abin da ya fi nanatawa shi ne birkin gaba. Yawancin masu hawa a nan tsoronsa suke, wai yana kifar da mutum, sai su dogara da na ƙafa kaɗai. Gaskiyar ita ce in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Abin da ake so shi ne a matsa shi a hankali a ƙara, ba a cafke shi ba, musamman kan yashi. Da yake injin sabon gora ne, dole ma na bi shi sannu: ba cika totur, ba doguwar tafiya a gudu ɗaya, aka kuma zubar da man farko da wuri, ya fito da ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe kamar yadda Baba ya ce zai yi.

Fitata ta farko kan babban titi ranar Lahadi ce da safe, gari ba cunkoso. Na bi Ahmadu Bello Way na miƙe Ali Akilu har Kawo, hannuna ya ƙage saboda riƙo, na sha hon daga masu bas, a wani shatale-tale injin ya mutu mini na tura shi gefe na sake bugawa. Bypass, inda tireloli da tankoki ke bi, na bar shi sai da hannuna ya faɗa sosai. Na bi ta Unguwar Sanusi a dawowa don dattijon ya gani. Ya zagaya shi, ya shafa tankin, ya ce kore bai dace da shi ba, ja ne launinsa tun asali, sannan ya karɓi makulli ya hau ya kai ƙarshen layi ya dawo da babbar rigarsa tana kaɗawa.

In aka haɗa kuɗin saye da na kaya da na masu aiki, bai kai kuɗin sabo ba, amma bai yi arahar da na zata ba. Bambancin shi ne na biya shi gutsi-gutsi, kuma yanzu in ya yi wani sauti na san inda zan fara dubawa. Duk Asabar ina duba mai, in taɓa sarƙa in ga sakinta bai wuce kaurin yatsu biyu ba, in wanke soson iska in ana ƙura. Abin da bai gamsar da ni ba har yanzu birkin gaba ne. Na ganga ne, kuma in ya jiƙe da ruwan sama sai ka matsa ka ƙara matsawa. Baba ya ce akwai ƙafafun gaba na wasu baburan China masu birkin faranti da za su iya shiga wuyan CG in an ɗan yi gyara, ya sa wani ɗan gwangwan a sabuwar Panteka ya riƙa duba mana. In an samu masu lafiya kafin damina, shi ne aiki na gaba.